Matakala Ɗari da Goma Sha Huɗu

Matakala ɗari da goma sha huɗu
tsakanin titi da ƙofar Evaristo.
Da gwiwa na ƙirga su, ba da baki ba.
Can ƙasa Valparaíso na wanke ƙafa a teku,
jiragen ruwa na kuka kamar shanu,
shi kuwa yana sama, daga shi sai rediyo
sai kujerar Otilia da ba mai zama.

Mu uku muka san sunansa, a takarda.
Mu masu miya, yana layinmu na tara.
Masu maganin tsofaffi sun sa shi a jan fayil.
Ɗaliban da ke ba da aron littafi
sun rubuta: "Ba ya buɗewa."
Ƙungiya uku, ƙofa ɗaya,
kowa ya zo ranarsa, ya ajiye, ya juya
kamar mai biyan bashi.
Miya ta huce a dokin ƙofa.
Kyanwar maƙwabta ta yi ƙiba.

Haɗuwarmu ma ba dominsa ba ce.
Tsadar haya ta koro mu ɗaki guda
bayan shagon mai gyaran takalmi,
tebur ɗaya, buta ɗaya, rigima goma.
Nélida ta masu magani ta ce tambarinsu ne a sama.
Na ce tukunya ba ta san tambari ba.
Har dare muna ja-in-ja,
sai Baltazar, ɗalibi mai yagaggen wando,
ya jera takardunmu gefe da gefe
ya ce, "Shekara biyu muna kai masa kaya.
Wa ya taɓa roƙonsa wani abu?"

Shiru ya rufe mu kamar murfin tukunya.

Ran Talata na hau, ba miya, ba kwano,
sai guntun igiya a aljihu.
Na ƙwanƙwasa. "Don Evaristo, rumfarmu za ta faɗi,
an ce shekara talatin ka yi kana ɗaure jirage."
Tari. Jan silifas.
Sakata ta yi ƙarar wanda aka tasa daga barci.
Bai dube ni ba, igiyar ya duba,
ya ce, "Wane sakarai ne ya yi wannan ƙulli?"
Ni ce. Ban faɗa ba.

Matakala arba'in ya sauko ranar, ya tsaya yana haki.
Inda ya tsaya, nan muka kafa benci:
katako namu, ƙusa ta masu magani,
shuɗin fenti na ɗalibai, rabi ya tafi a ƙasa.
Yanzu nan Nélida ke auna jininsa
yana koya mata ashar ɗin 'yan dakon tashar ruwa.
Baltazar na karanta masa jarida
yana ƙaryata masu hasashen ruwan sama.
Ni in kawo miya, ya ce ba gishiri,
amma kwano biyu nake ɗaukowa
don ya hana ni ci gaba da tsayuwa a kansa.
Zumunta a ƙafa take,
a garin nan kuwa har da gwiwa.

Ba zan ce ya warke ba.
Akwai Lahadin da sakata ke komawa mazauninta,
rediyo ya wuni yana surutu shi kaɗai.
Akwai Griselda a tudun gaba, har yau ba ta amsa ba,
mun roƙi ashana, mun roƙi lemon tsami, shiru.
Mai ɗaki ma wata biyu yake bin mu.

Amma jiya da yamma
ina hawa da tukunya, gwiwa na ƙorafi,
na hango shi a tsallaken kwari,
kan matakalar da ba tasa ba,
hula a hannu, a ƙofar Griselda.
Iska ta kawo mini muryarsa guntu-guntu:
wai maɓallin rigarsa ne ya tsinke,
ko tana da allura?

Na san rigar nan.
Da safe, a kan benci,
ina kallo ya sa 'yar wuƙarsa ya yanke zaren.